Taswirar Gidan Eduvigis

Kwana tara da gobara ta lashe tudunmu a Valparaíso,
wata ma'aikaciyar gunduma ta hawo matakala ɗari da sittin,
tana haki, riƙe da takarda da fensir,
ta ce wa kakata Eduvigis,
"Zana mini gidan yadda yake a da."

Kaka ta riƙe fensir kamar an damƙa mata kifi mai rai.
Shekara hamsin da ɗaya a gida guda,
amma ta ja layi, ta goge,
ta sa ƙofa ta ɓangaren da teku yake,
ta ce ɗakin kwana ya fi haka, ko kuwa bai kai ba.
Ta miƙa takardar.
"Ban taɓa ganin gidana daga sama ba.
Ni tsuntsuwa ce?"

Don in rage mata kunya, na ce,
"Kaka, dafa mana shayi."

Babu buta, babu murhu.
Toka ce kawai, da kwanon rufi da zafi ya nannaɗe.
Ta harare ni. Ta goge tafin hannu a ƙugu,
ta ɗaga ƙafar dama,
ta tsallake dokin ƙofar da wuta ta cinye tun daren Asabar.

Taku huɗu. Ta ɗan kauce hagu
saboda kusurwar teburin da ya sha bugun ƙugunta.
Ta sunkuya inda igiyar shanya take ratsawa.
Hannu ya tashi, ya tsaya a iska daidai kafaɗa:
nan ashana.
Sama kaɗan, sai da ɗage, gwangwanin sukari.
Ita ta ɗora shi can ranar da likita ya hana Evaristo zaƙi.
Evaristo ya tafi, gwangwani bai sauko ba.

Ma'aikaciya ta ajiye fensir, ta zaro igiyar awo,
tana bin sawu, tana soka tsinke a toka.
"Yi mini shara," in ji ta.
Tsintsiyar da babu ita ta lalubo mana kowane lungu,
har da inda daɓe ya lotsa, ruwan sama ke kwana.
Tukunyar gas ta nuna faɗin baranda,
don sai a karkace take wucewa.
Taku goma sha ɗaya cikin duhu daga gado zuwa gadon jariri.
Jaririn nan mahaifina ne, yau gemunsa fari fat,
amma ƙafa ba ta zubar da ko ɗaya ba.

Sai ta ja ta tsaya.

"Nan fa?"
"Akwai ɗaki a nan. Na baƙi."
Kujeru cikin leda, agogon da ba a taɓa wanawa ba.
Faɗinsa? Ta yi shiru.
Ba a dafa komai a ciki ba, ba a yi faɗa ba,
yaro bai taɓa zubar da madara ba.
Mariƙin ƙofar kaɗai hannunta ya sani.
Can ta ce, "Tsawon dai na san shi.
Akwatin Evaristo ya shiga,
ya rage wurin tsayuwar mutum ɗaya ta wajen kai.
Ni na tsaya, har gari ya waye."

Da yamma takarda ta cika.
Ba bango a cikinta, sai hanyoyi,
masu kauri inda aka sha bi,
da wani farin fili a kusurwa, layi ɗaya ya ratsa shi.

A ƙasa jiragen ruwa na ta kuka.
Kaka ta karkata hannu, ta tsiyaya, ta miƙo mini.
"Yi a hankali, da zafi."
Na karɓa da yatsu biyu, ta baki,
don kofin nan nawa tun ina ƙarami
ba shi da mariƙi.